Waƙar haya

Ina kwance a tsakar gidanmu na Mai Wurno, malariya ta sake kayar da ni, ko shayi ba ya shiga. Na ɗauki waya in saurari waƙoƙin da ke ɗebe mini kewa, sai ta nuna ishtirak ɗina, wato kuɗin saurare da na biya, ya ƙare. Duk sun rufe.

Kawu Isa, wan mahaifiyata da ya zo dubiya, ya ga na wurgar da wayar.

"Mi ya faru, ɗiyata?"

"Waƙoƙina ne suka tafi, Kawu. Hayarsu nake yi wata-wata."

Ya daɗe yana kallona. "Ni na tsufa ina noman hawasha, gonar da ba tawa ba. Ashe ku har waƙa ma ta haya ce?"

Da la'asar ya dawo da tsohon musajjal ɗinsa, rediyon nan mai cin kaset, da wani kaset da ya saya a garin Sinnar tun ina rarrafe. Ya kunna mini. Muryar waƙar tana rawa, wani wurin ta shaƙe, amma ta kai ƙarshe, har barci ya ɗauke ni.

Jiki dai sai a hankali. Ku fa, me ya rage a hannunku da za ku kira naku?