Hajiya Raliya Mai Kaset

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 1997, Allah Ya karɓi ran Hajiya Raliya Maigandi, shugabarmu a ɗakin gwajin jini na asibitinmu a nan Kontagora, bayan gajeriyar jinya.

Hajiya, ke kika lura cewa takardar sakamakon gwaji ba ta da sirri a hannun makaho. Dole wani ya karanta masa, kuma kafin ya kai gida unguwa ta riga shi sanin ciwonsa. Sai kika kawo rakodarki ofis. Duk makahon da aka yi wa gwaji, ki rufe ƙofa ki karanta sakamakon a kaset, ki bayyana ma'anarsa da yadda zai sha magani. In bai jin Hausa sosai, ki nemo amintacce ya faɗa da Kambarci ko Dukanci. Ya je ɗakinsa ya saurara shi kaɗai. Har daga Kumbashi ake zuwa neman "Hajiya mai kaset", kina dariya kina cewa kin fi gidan rediyo masu sauraro.

Da kunya nake rubuta abin da ya biyo baya. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, Fure, wata makauniya daga Zugurma, ta zo karɓar sakamakonta, ƙanwar mijinta Ruka na riƙe mata sanda. Rakodar tana kulle a durowarki, ba wanda ya tuna da ita. Na fito baranda na miƙa wa Fure takarda. Ta shafa ta gaba da baya, ta ce, "Malam, kaset ɗin fa?"

Na ce, "Hajiya ta rasu. Ki ba Ruka ta karanta miki."

Ruka ta karanta da ƙarfi, yadda aka koya mata a makaranta: tarin fuka. Waɗanda ke kan benci ɗaya da Fure suka zame ɗaya bayan ɗaya. Fure ta lalubi gefenta na dama, ta lalubi na hagu, ta ji katako. Sannan ta juyo inda muryata take, ta ce, "Allah Ya ji ƙan Hajiya."

Ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Hajiya, kin rufa wa bayin Allah asiri, Allah Ya rufa miki naki ranar da ake tone komai. Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga maigidanki Malam Muhyiddin da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma da aka bar wa makullin durowar, Allah Ya yafe mana.