An Rufe Shi Ran Asabar

Haƙƙin da ke wuyana a bayyane yake. Yayata ce ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu har na gama makaranta, kuma da ta zo London ganin likitan ido, abu ɗaya ta roƙa: in kai ta ta ga teku tun tana iya gani. Likita ya ce ganin nata zai ci gaba da raguwa. Jirginta ranar Lahadi ne, saboda haka Asabar kaɗai ta rage mini.

Na tsara tafiyar a rubuce, kamar yadda na saba: daga gidanmu a Edmonton mu bi ramin da ya ratsa ƙarƙashin kogi, mu hau babbar hanyar Kent, mu isa bakin teku kafin azahar, sa'an nan mu bi gaɓa gari-gari. Ranar Alhamis na karanta wa maƙwabcina tsarin a bakin ƙofarsa. Dattijo ne mutumin zangon Kumasi, wanda ya tsufa yana tuƙin tasi a ƙasar nan. Ya saurara har na kai aya, ya ce, "Malam, an rufe shi ran Asabar. Kar ka bi shi."

A nahawun da na karanta, hanya mace ce, rami namiji. Tun da "shi" ya ce, sai na soke rami, na mayar da mu ta gadar cikin gari, ta Deptford da Lewisham. Ban tambaye shi ba, domin a ganina babu abin tambaya.

Cunkoson Lewisham ya cinye mana hantsi. Da muka isa bakin babbar hanyar, sai ga shinge da jajayen robobi a jere. Taswirar waya ta yi ta zagaye da mu tana dawo da mu wurin. Yaya ta naɗe mayafinta a cinya. Na tsaya a gidan mai, na kira dattijon.

"Alhaji, ka ce an rufe rami, ga shi hanya aka rufe."

"Hanya ne na ce maka."

"Ai 'shi' ka ce."

"Malam, mu a zango komai shi ne. Matata ma shi ne." Ya yi dariya har ya yi tari. "Ba Hajiya yayanka wayan ya riƙe, kai ka kama sitiyari."

Ban taɓa ganin sanin hanya irin na mutumin nan ba. Yana zaune a ɗakinsa, babu taswira a gabansa, ya bi da mu ƙauyuka. Ya ce za mu ga coci mai guntuwar hasumiya, mu yi hagu, muka gan ta. Ya ce akwai gonar tuffa, bayanta wata siririyar gada, in jira na gaba ya wuce. Da na yi kuskure a wani shataletale, daga bayanin Yaya kawai ya gane, ya dawo da mu ba tare da faɗa ba. Wajen awa biyu bai ajiye waya ba. A ƙarshe ya ce, "Yanzu ka bar ruwa a hannun hagu, ba ka ɓata kuma."

Mun isa bakin teku bayan la'asar. Yaya ta tsaya a kan tsakuwa ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta tambaye ni ko wancan layin can nesa shi ne ƙarshen ruwan. Ta gan shi da idonta. Garuruwan gaɓa da na yi mata alkawari kuwa, rana ta faɗi ba mu kai ko ɗaya ba.

Kuskuren nahawu nawa ne, na kuwa amsa shi. Amma daga gadar cikin gari har bakin shingen ban ga allo ko ɗaya da ya gargaɗe ni ba. Ina roƙon ofishin da abin ya shafa ya bincika dalilin haka, ya ba ni amsa a rubuce, domin in aika wa Yaya tun tana iya karantawa da kanta.