Sallar Walaha a Bakin Ƙofa

Shekarar da 'yata ta fara aikin nas, gidanmu na unguwar Alabar ya cika da marasa lafiya. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya. Kafin yarinyar nan ta sa kayan asibiti ban taɓa jin wata ta yi kukan ciwo ba. Matan da ke sauke tukunyar biki daga murhu ba nishi! Amma ranar da suka hango na'urar awon jini a jakarta, kowacce ta tuna tana da jiri.

Aikin dare aka fara ba ta. Takan dawo ƙarfe takwas, ta sha koko, ta kwanta. Kafin tara sai sallama. Ta farko kullum Hajiya ce, uwar mai gidan.

"Ina likitarmu? Ei, har yanzu barci? Dubi rana!"

"Hajiya, a tsaye ta kwana."

"Mu ma a tsaye muka kwana da muka haife su. Tashe ta, minti biyu ne."

Minti biyun Hajiya kuwa, sai a auna, ta ce ƙarya ne, a sake a ɗaya hannun. A ce ta rage gishiri, ta ce to, ta fita ta aika a sayo mata soyayyen kifi. A bayanta ga mai maganin da ta saya a kasuwar Kejetia wajen mai talla da lasifika, tana so a karanta mata kwalbar, ga mai kawo ciwon ƙanwar mijinta da ke Tamale. Su ɗin nan kuma, idan aka yi suna yarinyar ba ta zo yankan albasa ba, su ne masu cewa aiki ya sa mata girman kai.

Ba zan wanke kaina ba. Ni ce mai tashinta. Ina jin nauyin manya, sai in shiga in taɓa ƙafarta a hankali, kamar taɓawa a hankali ba tashi ba ne.

Wata safiya ba ta dawo ba sai sha ɗaya. Barci ya kwashe ta a motar haya, trotro, ta wuce mahaɗarmu, sai a tasha aka tashe ta. Ta zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, ta ce babbar nas ta kama ta tana gyangyaɗi kusa da mara lafiya, ta kuma ce idan aka sake ba za ta sa hannu a takardar tabbatar da ita ba.

"Mma, ba takardar ce ma ke ba ni tsoro ba. Idan na yi wa wani allurar da ba tasa ba fa?"

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, a madafa.

Faɗa da Hajiya ba zan iya ba. Amma Allah ya sa mai shiga ɗakinmu gabas yake fuskanta. Washegari, tana kwanciya, na yi alwala, na shimfiɗa darduma daf da ƙofar, na tayar da sallar walaha. A zango ko mahaukaci ba ya gifta gaban mai salla.

Hajiya ta zo. Ta yi gyaran murya, ta ja silifa, ta sake gyaran murya. Ina sallamewa na miƙe na sake kabbara. Raka'a takwas na yi, sannan na ɗauki carbi, idona a ƙasa. Na ji ta ce wa mai kwalba, da ƙarfi don in ji:

"Wasu dai sun zama waliyyai ba mu da labari."

Mako guda ina haka, suka gaji. 'Yata da kanta ta ce duk mai son awo ta zo ranar hutunta bayan la'asar. Mutum biyu suka zo. Sauran, jirin ya warke ke nan. Ashe da safe kaɗai yake kama su.

Na sha neman gafarar Allah kan wannan salla, don na san niyyata ba tsantsa ba ce: rabi nasa, rabi na barcin 'yata. An sa hannu a takardar. Yarinyar ta yi aure ta tashi, ɗakin ba mai barcin safe a cikinsa, amma walahar ta zauna mini. Har yau a bakin ƙofar nake yin ta, raka'a biyu, ba mai jiran in sallame.