Mati Mai Sandar Golf

A wani ƙauye tsakanin Makoda da Bici aka haifi Mati, kuma da facin roba ya tashi. Bokiti ya tsage, buta ta huje, shi ake kai wa ya ɗora wuƙa a wuta ya liƙe. Mutum ne mai saurin dariya, ko cikin ciniki sai ya tsaya ya share ƙwalla.

A shekarun da damina ta yi gardama, aka kuma hana shigo da kayan waje, sai surukinsa Tasi'u, wanda ke yankan ciyawa a filin golf na birni, ya zo masa da wata sanda mai fasasshen kai.

"Ta wani Alhaji ce, da ita yake bugun ƙwallo. Ya zaga Kano bai samu sabuwa ba."

Mati ya narka roba ya yi kan, ya fito sakayau kamar ɓawon gyaɗa. Ya sake, haka. A karo na uku, haushi ya sa ya damƙi garin ƙarfen da ke zuba inda yake wasa fartanya, ya watsa cikin narkakkiyar robar ya gauraya. Da ta huce ya ɗaga, sai ya ji nauyi daidai hannu. Ya fita tsakar gida da gudu yana juya sanda, kaji suka watse, matarsa Furera ta kare tukunya da jikinta.

Alhaji ya yaba, abokansa suka yi ta aiko da nasu. Ba a daɗe ba Kamilu maƙeri ya leƙa, ya koma ya fara yin irinsa. Mati ya kai ƙara gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe," in ji Kamilu, "roba ba nauyi, ƙarfe da nauyi. Wa zai rasa haɗa su? Ai ba dabara ba ce."

"To me ya hana ka tun bara?" in ji Mati.

Dagaci ya aika garin Bagwai aka ɗauko tsohon maƙeri Ɗan'auta, wanda bai ji labarin ba. Aka ajiye masa roba da tarkacen maƙera, har da garin ƙarfen, aka ce ya yi kai mai nauyi. Tsoho ya hure garin gefe, ya ɗauki ƙusa ya cusa a robar. Bugu ɗaya ƙusar ta fice ta tashi sama, jama'a suka sunkuya.

Mati ya faɗi yana birgima don dariya. Dagaci ya ce dabarar ta Mati ce, Kamilu ya nemi izini. A take Mati ya ba shi, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Sai da Mati ya yi furfura Tasi'u ya kai shi filin golf ɗin. Aka ajiye masa ƙwallo, ya kai duka sau huɗu, ƙasa kawai yake tonowa. Ya miƙa sandar yana haki, ya ce a ba waɗanda bugun ne aikinsu.