Goggo Tsaya da Ninkin Mijina na Ƙarshe

Kullum da safe Goggo Tsaya takan riga kowa isa bakin Farin Ɗaki, ɗakin ma'aikatarmu da ba a yarda ko ƙura ta shiga ba. Kafin ta taɓa ƙofa sai ta zauna a benci ta duba faratanta, ta wanke fuska da ruwa zalla. Ba ta sa kwalli, ba ta shafa mai, ba ta fesa turare ko ranar hutu, wai kada jiki ya saba. Daga nan ta miƙo hannu ta tagar ɗakin wanki, ni kuma in ba ta fararen kayanta a cikin leda: riga haɗe da wando, hula, takunkumi, safar hannu da ta ƙafa. Ta taka tabarma mai danƙo da ke cire ƙurar takalmi, ta bi ta ɗan lungun da iska ke kaɗe mutum ta ko'ina, sannan ta shige. A ciki ba ta riƙe almakashi, ba ta riƙe allura. Tsayawa take yi, hannayenta a baya, tana kallon hannayen wasu har a tashi. Aikinta ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Ni ce mai wankin kayan ɗakin. Karatuna bai yi nisa ba, don haka abin da na gani da abin da marigayi mijina ya gaya mini shi zan faɗa, yadda na riƙe shi.

Abin da aka gina a ma'aikatarmu na'urar hangen nesa ce, irin wadda ake harbawa sararin samaniya. Madubinta ya fi ƙarfin cikin roka, shi ya sa aka yi shi gida-gida kamar saƙar zuma, aka shafe shi da ruwan zinari, gefunansa kuma suna naɗewa baya. Mijina ya ce wannan idon ɗumi yake gani, ɗumin taurarin da nisansu hankali ba ya kamawa. Dole ya zauna cikin sanyi da inuwa, don zafin rana kaɗan zai makantar da shi. Sai aka yi masa laima. Faɗinta ya kai ɗan filin da yara ke buga ƙwallo a unguwa, falle bisa falle, kowanne bai kai ɓawon albasa kauri ba, yana ƙyalli kamar takardar alewa. A ƙasa ake ninke ta da hannu, a soke ninkin da ƙananan ƙusoshi ta cikin ramukan da dole su hau kan juna daidai. A can sama ƙusoshin za su saki, igiyoyi su ja, laimar ta buɗe kanta. In kusurwa ɗaya ta maƙale ko ta yage, shi ke nan. Ba tsani, ba makanike, ba wanda zai je.

Mijina yana cikin masu ninkin. Dogo suke ce masa, saboda hannayensa. Ba a taka laimar, don haka yakan kwanta ruf da ciki a kan wata gadar ƙarfe da ke rataye a samanta, ya zuro hannu yana ninkewa. Dokar ɗakin ita ce kowane mai ninki yana da mai kallonsa, kuma Goggo ce mai kallon Dogo. Duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa a rai ba, ko mai shara ne, sai ya ce, “Tsaya!” Da an ji, kowa ya ɗaga hannu sama, ba a tambayar dalili sai hannaye sun bar laimar. Goggo ta fi kowa faɗin kalmar nan, har ta cinye sunanta na yanka.

Masu shara sun ga ranar da ta tsayar da ɗaki guda saboda gashin ido ƙwara ɗaya da ke lilo a fuskar wani. Masu igiya sun ga ranar da ta tsayar da kowa saboda ita kanta, atishawa ta ji tana taho mata, ta fita da gudu ta yi abinta a waje ta dawo. An yi mako ana dariyar wannan.

A ɗakin cin abinci Dogo ba ya barin ta ta huta.

“Goggo, ke dai aikinki hana mutane aiki,” in ji shi.

“Kai kuma naka kwanciya ruf da ciki kamar ƙadangare. Wa ya fi wani?”

“Ko matata ba ta sa mini ido yadda kike sa mini.”

“Ai shi ya sa ka lalace,” ta ce, sai ta juyo gare ni. “Ƙanwata, kin sake masa da yawa. Dubi yadda yake cin abinci yana zubarwa, a ce wai wannan aka ba amanar laima.”

Haka suke, shekara da shekaru.

Ranar ninkin ƙarshe, ashe Dogo da zazzaɓi ya tashi. Ya ɓoye wa kowa, har ni. Sai daga baya na tsinci takardar magani a aljihunsa. Na san tunaninsa: duk shekarun nan yana kan gadar, sai ranar rufewa a ce wani ya hau? Ina tura keken wanki a baranda, na waiga ta gilashin Farin Ɗaki, sai na ga hannaye duk a sama. Ban san wa aka tsayar ba tukuna.

Waɗanda ke ciki sun ba ni labari. Gumi ne ya taru a girarsa, saman takunkumi, yana shirin ɗiga kan laimar. Goggo ta gani, ta tsayar.

“Goggo, saura kaɗan,” ya ce daga saman gadar.

“Sauko, ƙanena.”

“Don Allah ki bar ni in ƙarasa. Lafiyata ƙalau.”

“Na ce ka sauko.”

Ya sauko yana fushi, ƙafarsa na taɓa ƙasa ta ƙi ɗaukarsa. Bai daɗe a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa. Abokansa suka ƙarasa ninkin, aka rufe, aka fara maganar ranar da za a ɗauki na'urar zuwa wurin harbawa.

Da masu gaisuwa suka ragu, wata rana da la'asar Goggo ta zo gidana. Ta zauna a ƙasa, na kawo ruwa ta ƙi sha. Ta tambayi yaran.

“Ƙanwata, akwai magana,” ta ce. “Kafin in tsayar da shi, idona ya bar hannunsa ya koma fuskarsa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. A cikin lokacin nan ya soke ƙusoshin kusurwar hagu. Ban ga shigarsu ba.”

“To sai me?”

“Gobe zan ce a buɗe.”

Nan take na gane abin da take nufi. Buɗe ninki ba kamar buɗe zani ba ne. Watanni za a yi, kuma duk taɓawa ɗaya laimar na iya yagewa. Ma'aikatar gaba ɗaya za ta san kusurwar wa aka buɗe. In aka samu kuskure, sunan Dogo ne, mutumin da ba shi da bakin kare kansa. Sunan nan kuwa shi kaɗai ya bar wa yarana.

“Goggo, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba,” na ce. “Ya taɓa yin kuskure a gabanki?”

“Bai taɓa ba.”

“To ki bar shi ya huta. Na roƙe ki. Wa ya sani in ba ke ba?”

“In na yi shiru, wataƙila lafiya lau ne,” ta ce. “In kuma ba lafiya ba, a can sama za a gane, duniya na kallo, ba mai gyarawa. Za a bi diddigi har a zo kan kusurwar, a kira sunansa yaranki na ji. Ba izini na zo nema ba, ƙanwata. Na zo ne kada ki ji a bakin wani.”

Ta tashi ta tafi. Ban raka ta ba.

Washegari ta tsaya gaban injiniyoyi ta faɗi abin da ta faɗa mini, ba ta rage komai ba, har da cewa idonta ne ya kauce. Mace ce da ritayarta ta kusa, kuma ta san ana iya sallamarta da wannan maganar. Injiniyoyin suka shiga taro, suka fito fuskokinsu a jeme, suka ce a buɗe.

Ban taɓa ganin watanni masu tsawo irin waɗannan ba. In na shiga ɗakin wanki sai hira ta mutu. Abinci ya daina shiga mini. Kullum in tura kekena ta gaban gilashin ina satar kallo, ina ganin su suna ɗaga falle ɗaya bayan ɗaya a hankali kamar masu buɗe ciwo, Goggo na tsaye a kansu. Addu'ata ɗaya ce, kada a samu komai.

Aka samu. Ƙusa ɗaya ba ta bi raminta ba, ta huda gefen falle ta danne shi. Da an harba haka, da igiya ta ja, nan zai fara yagewa. Suka liƙe wurin da faci irin nasu, suka sake ninkewa.

Magana ta fara yawo. Ranar nan a ɗakin cin abinci wani mai walda ya ce, yana ganin ba na ji, “Saura ƙiris Dogo ya kashe mu gaba ɗaya.” Goggo ta ajiye cokali.

“Kai, ɗan nan, juyo. Hannu nasa ne, ido nawa ne. Mara lafiya ya yi abin da mara lafiya ke yi, ni mai lafiya na kalli wani wuri. Wanda yake da zagi ya kawo nan, ga ni da raina.”

Daga ranar ban ƙara jin an ambaci mijina da mugun baki ba.

Goggo, ke ce mai gadin hannaye. Ke ce kika so Dogo kamar ƙanenki ciki ɗaya, kika kuma hana shi abin da ya fi so a ranar da ya fi son sa. Ke ce kika zauna a ƙasan ɗakina kika ga hawayena, ba ki yi mini ƙarya don in ji daɗi ba. Kika ɗauki laifin da kina iya bar wa matacce, kika ɗora wa kanki a gaban mutane.

Amma hankalina bai kwanta ba ko bayan an harba na'urar lafiya, don faci faci ne. Wa ya san abin da girgizar roka ta yi masa? Da lokacin buɗe laimar ya yi, aka tara mu a ɗakin cin abinci da rana, aka kafa babban allo. Na ɗauka za mu ga laimar da idonmu. Ashe ba abin da ke ɗauko hotonta a can. 'Yan fitilu ne kawai jere a allon, duk ƙusar da ta saki, duk igiyar da ta ja ta miƙe, sai fitilarta ta koma kore. Kwanaki aka yi ana wannan, kullum in zo in zauna a baya.

Ranar kusurwar hagu Goggo ta zo ta zauna kusa da ni, ta nuna mini fitilar da yatsa.

“Waccan ce tasa.”

“Goggo, facin zai riƙe?”

“Ban sani ba, ƙanwata. Abin da na sani, wannan karon ban ɗauke ido ba.”

Fitilun da ke gabanta suka yi ta komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kanta, ta tsaya. Wani injiniya mai abin sauraro a kunne ya ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit, har ƙarar firij nake ji. Ya ce saƙo yakan ɗan jima a hanya saboda nisa, a yi haƙuri. Ni dai ina ta tunanin me zan ce wa yaran in na koma gida, ta ina zan fara, wace makaranta zan mayar da su inda ba a san su ba.

Sai ta koma kore.

Mutane suka yi ta ihu suna rungume juna. Ni ina zaune. Sai da na duba na ga sawun yatsun Goggo a wuyan hannuna, ashe tun ɗazu ta damƙe ni.

Kwanan baya babbar 'yata ta dawo daga makaranta ta ce malaminsu ya nuna musu hoton taurari da na'urar ta aiko. Ta ce ta miƙe a gaban aji ta ce, “Babana ne ya ninke laimarta.” Na tambaye ta me aka ce. Ta ce tafi aka yi mata. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana.

Ku da za ku tsaya inda Goggo ta tsaya, da ku da ke kallon aikin wani a asibiti ko gareji ko wurin gini, ina jin tsoro in ta tafi kunya za ta hana ku magana. In kun ga abin da bai kwanta muku ba ku faɗa, ko na amininku ne, ko naku ne, tun yana ƙasa inda hannu ke kaiwa.

Goggo, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara miki lafiyar ido, ya jiƙan ƙanenki Dogo. Na gode da kika ƙi jin roƙona. Shi ya sa yau 'yata take faɗin aikin ubanta da ƙarfi a gaban mutane.