Fayil Mai Suna Wucin Gadi

A kamfanin kawunsa, inda ake rarraba magani zuwa shaguna, kowa Injiniya yake ce masa, har matarsa idan tana jin tsokana. Teburinsa na can ƙuryar ɗakin ajiya, tsakanin firij da wata taga da ba ta buɗuwa.

Shekarun baya kawun ya roƙe shi ɗan abin da zai riƙa nuna kwalayen da suka rage. A yini guda ya rubuta shi, da irin yaren kwamfutar nan mai sauƙin kai, wanda ba ya tambaya ko abin da aka zuba masa lamba ce ko kalma. Ya sa wa fayil ɗin suna "wucin gadi". Daga nan aka ce ya ƙara direbobi, ya ƙara ranar lalacewar magani, ya ƙara rassa. Yau kamfanin gaba ɗaya a kan fayil ɗin yake tafiya.

Illar yaren ita ce ba ya gargaɗi. Sai mota ta gama lodi kuskure yake fitowa. A wani wuri cikin fayil ɗin "saura" na nufin kwali, a wani ƙwaya, a wani kuma kalmar "babu". Injiniya kaɗai ya san wanne ne wanne.

Bana wata jami'a ta ba shi gurbin ƙaro karatu, da sharaɗin ya amsa kafin wata ya ƙare.

"Ni na riƙe ka?" in ji kawun. "Samo mai riƙe mana abin, ka kama hanya."

Aka ɗauko wata ƙwararriya. Ta yi kwanaki tana karatu, sannan ta gyara layi ɗaya. Washegari wani reshe ya karɓi ƙwaya goma a maimakon kwali goma.

"Injiniya, wannan ba manhaja ba ce, gidan tururuwa ne," ta ce. "Yaren bai yi laifi ba, an ɗora wa keke kayan tirela ne. Sai an sake ginawa da yaren da ke kama kuskure tun kafin a kunna. Shekara guda, kuma kana zaune kusa da ni."

Kawun ya yi dariya. "Shekara? Ɗana, abu yana aiki, me za a taɓa?"

"Kawu, ni ne nake aiki."

"To, Allah ya yi maka albarka."

Ƙwararriyar kam ta yi sallama a ƙarshen mako.

Da ya koma gida, matarsa ta tare shi a ƙofa. "Ka amsa wa jami'ar?"

"Na roƙe su su ajiye min zuwa baɗi."

"Sun yarda?"

Bai kai ga ba ta amsa ba wayarsa ta yi ƙara. Direba ne, yana cewa kwamfuta ta nuna masa saura babu, ga shi kuwa yana tsaye a gaban kwalaye. Injiniya ya mayar da takalmin da ya fara cirewa.