Lawwali, Ya Hanyar Runka Yau?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya: 'yan bindiga sun harbe Lawwali a hanyar Runka.

Lawwali ɗan acaba, mai jan mashin. Duk mai bin shafin nan ya san sunansa, ko da bai san fuskarsa ba.

Na shiga tsofaffin rubuce-rubucena ina neman hotonsa in ɗora. Na yi ta ja ƙasa, sabis na ɗaukewa. Ko ɗaya babu. Da ma ba ya tsayawa a ɗauke shi, wai fuskarsa ba ta talla ba ce.

Abin da na yi ta cin karo da shi tambayata ce, rani da damina: "Jama'a, ya hanyar Runka yau?" A ƙarƙashin kowace, shi ne na farko, don yana riga kowa fita.

"Taho Malam, lafiya lau."

"Kada ka taso, an ga baƙin mashina."

Har da ranar da ya rubuta: "Malam ka cika tsoro, ko akuya ta gitta sai ka yi fostin." A lokacin na ji haushi. Yau da na gani kuka na yi.

Shi ke kai wa mahaifiyata maganinta Runka. Ba ya dawowa hannu rabbana, sai da ƙullin gyaɗa da faɗan da Inna ta aiko a yi mini, kuma ba ya rage ko kalma.

Ranar kasuwa muka rabu a tashar Batsari. Na ce masa Inna za ta zo asibiti yau. Ya ce, "Bar mini wannan. Ni zan fara bin hanyar, in ta yi kyau in koma in ɗauko ta da kaina."

Jiya ma na yi tambayar. Amsarsa tana nan a sama: "Sai na fita da safe zan gaya maka."

Ya fita.

Ga abin da ya hana ni zama. Ƙanena da ke Runka ya ce da Inna ta gaji da jiran Lawwali, sai ta shiga a-kori-kura ta taso, tun labari bai kai gari ba. Wayarta a kashe. Ta direban ba ta shiga. Ina tsaye a tasha, duk ƙarar mota sai na leƙa.

Na sake ɗora tambayar ɗazu. Mutane da yawa sun gani, har yanzu ba wanda ya amsa.

Allah ya jiƙan Lawwali, ya karɓi shahadarsa, ya raya yaransa. Don Allah ku sa shi a addu'a, ku haɗa da Inna da duk wanda ke cikin motar nan.

Wanda kuma ya biyo hanyar Runka yau, don girman Allah ya amsa mini a ƙasa.